Mai Maganin Barci da Mijinta Ido Biyu

A ƙauyenmu, idan barci ya ƙaurace wa mutum, ba a tambayarsa abin da ke damunsa. Ce masa ake yi, "Ka je wurin Aglaia?" In ya ce bai je ba, babu mai sauraron kukansa. Gidanta ne na ƙarshe kafin hanya ta haura cikin dajin bishiyar da muke kira tei, mai shuɗiyar ƙofa, kuma tun daga nesa za ka jiyo muryarta tana faɗa da kaji. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, ba ta iya tafiya a hankali ba, ba ta iya magana a hankali ba. Ni dai ban taɓa ganin mai hayaniya kamarta ba, amma ita ce mai sa gari barci.

Nasha nake ce mata, ita kuma ta ce mini Fina, domin ita da mijinta Zamfir ne suka tsaya mana uwa da uba a coci ranar aurenmu, suka riƙe mana kyandir. A wurinmu wanda ya riƙe maka kyandir ya zama naka har kabari. Ka sumbaci hannunsa ranar Ista, in ya zage ka kuma ka yi shiru. Shinge ɗaya ne tsakanin gidajenmu, saboda haka zagin nan na sha shi fiye da kowa, kuma ina sonta kamar raina.

Duk shekara in watan Yuni ya kama, bishiyoyin tei suka yi fure, ƙamshi ya gangaro daga tudu ya cika gari har kan mutum ya riƙa juyawa, Nasha takan zama wata iri. Kafin rana ta fito tana kan tsani, kwando a wuya, tana tsinka tana surutu da ƙudan zuma. Ba kowane fure take ɗauka ba. Takan ce wanda ya buɗe shekaranjiya ya tsufa, wanda zai buɗe gobe kuma ɗanye ne. Ta shanya shi a ƙarƙashin rufin ɗaki inda rana ba ta gani, ta riƙa juya shi da hannu har ya bushe, sannan ta ɗura a buhunan ƙyalle guda uku. Buhu ukun nan su ke riƙe garin har wani Yunin.

Abin da za ka ci kafin ka kwanta kuwa, sai ta dube ka tukuna. Gwauron da matarsa ta rasu, ta ce yunwa ce ke hana shi barci ba baƙin ciki kaɗai ba, ya yanki tuwon masara mai sanyi ya zuba masa madara mai ɗumi. Malamar makaranta mai yawan tunani, gasasshiyar kabewa da cokalin zuma, ƙafafu cikin ruwan ɗumi da gishiri. Mai jego, reshen ɗoɗɗoya a ƙarƙashin matashi da kuma miji ya tashi ya yi reno. Amma shayin tei na kowa ne, kuma dokarsa ɗaya ce. Ruwa ya tafasa, a sauke daga wuta, sannan a jefa abin da yatsu uku suka ɗauko, a rufe, a karanta Addu'ar Ubangiji sau uku ba da gaggawa ba, a tace.

"Launinsa ya zama kamar na bambaro," in ji ta, tana kaɗa wa mutum yatsa a hanci. "In ka bar shi kan wuta ya yi ja, zubar! Jan tei ba ya kawo barci, korarsa yake yi. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Kowa a garin ya ji wannan karatu, har yara suna kwaikwayonta da shi a hanyar makaranta.

Ba gadon abin ta yi ba. Tana da shekara goma sha tara ta auri Zamfir, kuma wata biyu da biki aka ɗauke shi aikin gadin injin ban ruwa a bakin kogin Danube, aikin dare. Ya fita da faɗuwar rana, ya dawo da safe ya ci abinci ya kwanta. Amarya ita kaɗai a gidan ƙarshen gari, daji a bayanta, kerkeci na kuka in sanyi ya yi tsanani. Ta ce mini ta yi shekara guda tana kwana a zaune. Daga nan ta fara bin tsofaffi tana tambaya, tana gwadawa a kanta, wannan ya yi, wancan ƙarya ne. Da ta sami kanta, sai maƙwabta suka fara zuwa. Haka aka yi shekara talatin da shida, shi yana barci da rana a ɗakin ciki, ita tana tsakar gida tana raba wa jama'a barcin dare.

Sai Nashu Zamfir, haka nake kiran mijinta, ya yi ritaya a ƙarshen kaka. Murna wurin Nasha ba a magana. Ta wanke labule, ta sake cusa matasai da sabon gashin agwagwa, ta ce mini, "Fina, yanzu zan yi aure!" Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Mutumin da ya yi shekara talatin da shida yana kallon dare, ido ya ƙi rufuwa. Da farko yakan ɗan rama da rana. Daga baya na ranar ma ya gudu. Dogon mutum ne mai sanyin hali, maganarsa ba ta wuce uku a yini, sai ga shi yana yawo a tsakar gida kamar wanda ya jefar da wani abu ya manta ko mene ne. Ido ya faɗa, wando na zamewa daga ƙugu.

Gari kuwa ya sami abin yi. Pandele, mai kaɗa ƙararrawar coci, wanda tun suna yara yake neman Aglaia da tsokana, shi ne kan gaba. In ta zo shagon burodi sai ya ɗaga murya.

"Jama'a a ba da hanya, ga likita ta iso! Aglaia, yaya mujiyar gidanki? Jiya na wuce, na ga idanu biyu a taga, na ɗauka kyanwa ce."

"Kai dai ka ji da igiyarka, tsohon banza. Sau nawa na sa ka barci?"

"Sau da yawa, na gode. Shi ya sa nake mamaki. Ko ki aiko mini shi in ba shi rabin kwalbar giya, ya kwanta har Litinin?"

Ta zage shi tas, aka yi dariya, ta fito. A hanya na ga tana share ido da bakin ɗankwali, na yi kamar ban gani ba. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, don na san ba sunanta take wa kuka ba.

Cikin watan Fabrairu Nashu ya yanke jiki ya faɗi a bakin rijiya. Ba a jima ba ya farfaɗo, amma labari ya kai wa 'yarsu Otilia a birnin Braila. Ta zo a fusace, ta kai shi wurin likita a gari, likita ya ce zuciya ta fara gajiya, jikin da ba ya barci ba zai daɗe yana ɗauka ba. Otilia irin uwarta ce, in ta yanke magana ta yanku. A gabana ta faɗa.

"Mama, na ba ki mako biyu. Lahadi ta sama zan zo da mota. In Baba bai fara barci ba, zan tafi da shi. Ɗaki yana nan, asibiti yana kusa da ni. Ganye ya yi iyakar ƙoƙarinsa."

"Ki tafi da shi ina? Bene hawa na bakwai? Saniya fa, da kaji, da amya? Ni ba zan iya binku ba, kin sani."

"Ban ce ki bi mu ba, Mama. Na ce ba zan binne ubana saboda girman kanki ba."

Nashu yana zaune yana jin su. Da motar ta tafi, sai ya ce, kamar mai magana da takalminsa, "In na hau benen nan, a akwati za a sauko da ni." Duk wanda ya san shi ya san ba ƙari ya yi ba.

To, daga ranar gidan ya zama filin yaƙi. Nasha ta fito da duk abin da ta sani tun tana amarya. Madara da zumar tei. Gasasshiyar tuffa. 'Ya'yan kabewa da aka soya ba gishiri. Ta juya gado ya kalli gabas, ta mayar ya kalli yamma. Ta sa shi faskare da rana don ya gaji, ta jiƙa masa ƙafa da yamma har fatar ta yi yaushi. Ta cire agogon bango ta kawo gidana. Zakaranta, wanda take ji da shi kamar ɗa, ta yanka shi ta yi miya don kada ya yi cara. Kowace yamma kuma ta dafa masa shayi da hannunta, ta karanta addu'arta sau uku, ta tsaya a kansa har ya shanye. Kowace safiya in leƙa ta shinge, ta girgiza mini kai.

Ranar Juma'a, saura kwana biyu, ina cikin wanki sai na ji ihu.

"Fina! Fina! Fito nan, ɓarauniya!"

Na fito hannu duk kumfa. Tana tsaye a bakin shinge da buhu a hannu, tana kaɗa shi kamar tuta.

"Nasha, lafiya?"

"Ina lafiya! Buhun nan na uku ban taɓa kwance shi ba, na Afrilu da Mayu ne. Dubi! Rabi! Ke kaɗai ce ke hawa rufin ɗakina."

"Ni? Nasha, ni da ke ce in ɗiba duk lokacin da nake so, me zai sa in sata? Ko ɓeraye ne?"

"Ɓeraye sun iya ɗaure bakin buhu? Dubi ƙullin nan!"

Ta ɗaga igiyar ta kawo mini har hanci, sai kuma ta tsaya cak. Ta dubi ƙullin da kyau. Ba irin na mata ba ne, irin wanda ake ɗaure kwale-kwale da shi ne a bakin kogi. Ta saki buhun, ta tattare siket, ta nufi rumfar kayan aikin Nashu a bayan gida da gudu. Ni ma na tsallake shinge na bi ta, don wannan kallo ba a ba ni labari.

A bayan gatari da tsofaffin tayoyi muka same ta: 'yar tukunyar ƙarfe da ya dawo da ita daga wurin aiki, kan ɗan murhun gawayi. Cikinta ya rine ja wur, har ya fara baƙi, ga dusar fure cunkus a gindi, ta ishi gida goma. Nashu ya shigo a bayanmu da guntun itace a hannu. Da ya ga abin da ke hannun matarsa, sai ya cire hula.

"Zamfir," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, abin da ban taɓa ji ba. "Mene ne wannan?"

"Shayi ne, tsohuwa."

"Na ga shayi ne! Tun yaushe?"

"Tun wajen Kirsimeti." Ya juya hular a hannu. "Na ga naki fari ne, ba shi da ƙarfi. Na ce wataƙila don jikina babba ne. Can wurin aiki cika hannu muke yi, mu bar shi kan wuta har ya yi kauri. To in kin ba ni naki kin shiga, sai in zo nan in ƙara kofi biyu. Kwanan nan uku."

"Uku!"

"Na ji abin da Pandele yake faɗa miki a shago. Na ce bari in taimaka wa maganinki ya ci, mutane su bar ki ki huta."

 Nasha ta dube ni, ta dube shi.

"Kai, Zamfir! Can wurin aikin naku, don me kuke sha?"

Ya tsaya yana tunani. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa, domin kunnuwansa ne suka fara yin ja.

"Don kada mu yi gyangyaɗi," in ji shi a hankali.

Wayyo! Garin neman gira an rasa ido. Duk garin nan, daga limamin coci har yaran makaranta, babu wanda bai haddace dokar jan tei ba, sai mutum ɗaya, kuma shi ne mijin mai dokar. Ina zai ji ta? Duk lokacin da take karanta wa mutane a tsakar gida, shi yana ciki yana barci. Ita kuma ba ta taɓa tunanin gaya masa ba, tunda ita ke dafa masa. Nasha ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, ta riƙa dukan ƙirjinsa da tukunyar tana cewa, "Jaki! Jakina! Wa ya aike ka?" Shi kuwa ya tsaya yana karɓa, har da ɗan murmushi. Ni ma ina dariya ina hawaye, na rasa wanda zan riƙe a cikinsu.

Tukunyar ta ƙare a ramin shara. Amma daren Juma'a bai yi barci ba. Da safe na leƙa, ta girgiza kai, fuskarta ta yi fari fat. Ta ce abin wata biyu ba ya fita jiki a dare ɗaya, sai dai ni na ji tsoro a muryarta. Yinin Asabar ba ta yi faɗa da kowa ba, ko da kaji. Da yamma na kai musu madarar da na tatsa, na same su a ɗakin girki. Ta ba shi yankin tuwon masara da madara, ta sauke ruwa, ta ɗebo fure da yatsu uku ta nuna masa kafin ta jefa.

"Kai za ka karanta yau," ta ce. "Sau uku. In ka yi sauri, ka sake."

Na bar su yana karantawa.

Lahadi da sassafe na ji ana ƙwanƙwasa tagata da farce. Nasha ce, babu ɗankwali, babu takalmi, cikin wannan sanyi. Ta sa yatsa a leɓe, ta kama hannuna ta ja ni har gindin tagarsu. Na kasa kunne. Minshari! Wani irin minshari mai kauri, kamar ana jan buhun masara a kan dakali. Na kusa yin guɗa, ta toshe mini baki da tafin hannu.

"Tun bayan cin abinci," ta raɗa mini. "A kan kujera ya fara, da ƙyar na kai shi gado. Fina, ƙararrawa! Yi gudu wurin Pandele!"

Na zura takalmin mijina na ruga. Na iske Pandele ya riga ya kama igiya.

"Kawu Pandele, tsaya! Nashu yana barci!"

"Zamfir? Rantse!"

"Na rantse da kyandir ɗin aurena."

Ya saki igiyar kamar ta ƙone shi. Ya tsaya yana susar ƙeya, sai ya ce, "To yau Allah zai yi haƙuri da ƙaramar ƙararrawa." Ya naɗe harshenta da hularsa, ya ɗan taɓa ta sau uku. Tun da nake ban taɓa jin kiran coci mai ladabi irin na ranar ba. Kafin a jima labari ya zaga. Masu tafiya coci da suka biyo ta layinmu suna tafe a kan yatsun ƙafa, mata na danne dariya da gyale, wani ya ɗauke karensa a hannu ya wuce da shi.

Wajen ƙarfe goma motar Otilia ta ɓullo daga kwana. Nasha tana tsakiyar hanya tun kafin ta iso, muciya a hannu, ta ɗaga ta sama kamar ɗan sanda. Otilia ta taka birki, ta leƙo.

"Mama, me ya faru? Baba ne?"

"Kashe injin nan!"

"Mama, ki gaya mini..."

"Na ce kashe! Kuma kada ki buga ƙofa. Cire wannan takalmin mai ƙwas-ƙwas."

Otilia ta shiga gidan ubanta da safa, jaka a hannu, fuska a ɗaure, ta shirya faɗa. Ta tsaya a bakin ɗakin ciki. Nashu yana kwance rigingine, baki buɗe, hannu ɗaya ya zubo ƙasa, bargo na hawa yana sauka. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ajiye jakar a hankali, ta dawo ɗakin girki ta zauna, ta rufe fuska da hannu biyu.

"Dare ɗaya ne kawai, Mama," ta ce da ta ɗago, amma babu ƙarfi a maganar.

"Dare ɗaya ne. Ki kwana nan ki ƙirga na biyu."

Ta kwana, ta ƙirga na biyu da na uku, ranar Talata ta koma Braila ita kaɗai da kwalbar zuma da rabin kabewa. Amma wannan daga baya ne. A ranar Lahadin, Nashu bai farka ba sai da rana ta karkata. Muna zaune mu uku muna magana da raɗa, sai na lura da idon Nasha. Ya yi ja, ya kumbura, kanta na rinjaya tana tsare shi.

"Nasha, ke fa? Ba ki runtsa ba jiya, ko? Bari in dafa miki naki, na iya."

"A'a, bar shi."

"Haba Nasha, ya yi barci, an gama. Ki je ki kwanta."

Ta juya kai wajen ƙofar ɗakin, inda minsharin ke fitowa, ta ɗan yi murmushi.

"Fina, tun ina da shekara goma sha tara nake kwana ni kaɗai a ɗakin can. Na manta yadda dare yake da mutum yana numfashin barci kusa da ni. Jiya na ji. Ina zan yi barci in bar shi ya wuce ni? Ku bar ni in ƙara saurare tukuna."

Otilia ta tashi ta ɗauki kujerar uwarta ta kai bakin ƙofar, ta ɗan ƙara buɗe ta.